Ruwa ba ya tsami banza: darasin da masu kiwon kifi a ƙasar Madawa za su ɗauka daga masu akwatin kifin teku

Mutum ya gina tankin siminti a bayan gida ko a gefen garkarsa, ya sayo ƴaƴan tarwaɗa dubu daga Maraɗi ko daga ƙetaren iyaka, ya zuba kuɗi a kan abinci. Wata na fari lafiya lau, na biyu ma haka. Wata safiya cikin zafin Afrilu ya leƙa, sai ya tarar kifaye sun taru a sama sun ƙi cin abinci, wasu sun juya ciki. Maƙwabci ya ce irin ne ba shi da kyau, wani ya ce baki ne. Amma sau da yawa amsar tana cikin ruwan da kansa. Ruwan da ido ke gani fes yana iya ɗauke da gubar da kifin ya fitar daga jikinsa.

Kiwon kifi cikin tanki ko tamfol yana ta yaɗuwa a garuruwan Nijar, kuma yankin fadamar Tarka, inda ruwa ke kusa kuma injin ban ruwa ya wadata, yana cikin wuraren da sana'ar za ta iya kama ƙasa. Kafin wani a Galma Kudawace, Sabon Gida ko Bangi ya sa jarinsa, ya kamata ya san wani sinadari da ake kira nitrat. Abin mamaki kuma shi ne, waɗanda suka fi kowa naƙaltar sha'aninsa mutane ne da ke kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi a falonsu.

Masu tafkin gishiri a ɗaki

Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa gaɓar Kwatano tafiya ce ta kimanin kilomita 1000. Amma a Turai, Amurka da Asiya akwai masu sha'awar ajiye kifayen teku masu launi da murjani mai rai a cikin akwatin gilashi, wato akwariyom. Murjanin da mata suka sani a matsayin tsakiya ƙashin wata halitta ce ta teku, kuma danginta masu rai ne ake reno a waɗannan akwatuna. Mai akwatin yana haɗa ruwansa da kansa: kimanin giram 35 na gishirin teku a kowace lita, daidai da yadda ruwan teku yake.

A inda murjani ke rayuwa cikin teku, nitrat bai cika kai miligiram 1 a lita ba. Shi ya sa masu reno suke ƙoƙarin riƙe shi ƙasa da miligiram 5 zuwa 10, yayin da akwatin da kifi kaɗai ke ciki yake iya jure 20 zuwa 40. Da ya haura, gansakuka ta lulluɓe gilashi da duwatsu, murjani ya dusashe ya daina girma, kifi ya riƙa kamuwa da ciwo. Tunda kuskure kaɗan yana janyo hasarar dukiya mai yawa, dole ta sa waɗannan mutane suka koyi lissafin ruwa dalla-dalla. Dokokin da suka gano kuwa ba su san bambancin kifin ado da tarwaɗa ba.

Daga abinci zuwa guba: matakai uku

Komai yana farawa ne daga abinci. Abincin kifi na buhu yana ɗauke da furotin mai yawa, shi kuma furotin kashi 16 cikin 100 nasa azot ne, wato sinadarin nan da manomi ke saye a cikin takin ure. Kifi ba ya mayar da duk azot ɗin ya zama tsoka. Mafi yawansa yana komawa cikin ruwa, ta hanyar matsefin numfashinsa da kashinsa, da kuma ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki.

Mataki na farko shi ne amoniyak, mai warin da ake ji a tsohon makewayi. Shi ne mafi saurin kisa: yana ƙona matsefin kifi, ya hana shi ci. Ƙarfinsa kuma ya dogara ga zafi da yanayin ruwa. A ruwa mai zafin digiri 30, idan ma'aunin pH yana kan 7, ɓangaren amoniyak mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ya wuce kashi 7, a kan 9 kuwa ya kusa rabi. Ma'ana, ruwa mai kanwa-kanwa a lokacin bazara ya fi haɗari nesa ba kusa ba, ko da abincin da aka zuba bai canza ba.

Mataki na biyu, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a jikin bango, tsakuwa da yashi suna juya amoniyak zuwa nitrit. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijan, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Mataki na uku, wani rukunin bakteriya ya juya nitrit zuwa nitrat. Masanin ƙasar Rasha Sergei Winogradsky ne ya fara ware waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890, kuma suna cikin ƙasar kowace gona, su ne ke dafa wa shuka taki.

Nitrat shi ne zangon ƙarshe. Ba ya kisa farat ɗaya kamar yayyensa biyu, amma ba ya tashi ya bi iska, ba ya kwantawa ƙasa, sai dai ya yi ta taruwa. Tarwaɗa tana jure ninki goma ko fiye na abin da murjani ke iya jurewa. Duk da haka, idan ya yi yawa sai cinta ya ragu, girmanta ya tsaya, mai kiwo ya yi ta zuba abinci ba ya ganin nauyi. Akwai kuma wani tarko: tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye daga sama, saboda haka takan rayu a ruwan da tuni ya gama da karfasa. Ganin tana motsi sai mai ita ya ɗauka komai lafiya, alhali ruwa ya daɗe da ɓaci.

Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe

Masana kiwon kifi suna aiki da wani ƙiyasi mai sauƙi: kowane kilo ɗaya na abinci yana sakin kimanin giram 30 na azot cikin ruwa. Idan duka ya juye, zai ba da kusan giram 130 na nitrat.

A ɗauki tanki mai tsawon mita 4, faɗi mita 2 da rabi, zurfi mita 1. Yana cin lita 10,000, wato tano 50 masu lita 200. A ce akwai tarwaɗa 1000 a ciki, kowace ta kai giram 200: jimilla kilo 200 ke nan. Idan ana ba su kashi 3 cikin 100 na nauyinsu, suna cin kilo 6 a yini. Wannan yana zuba giram 180 na azot a ruwa kowace rana. A tankin da ba shi da matata, mafi yawansa yana zama a matsayin amoniyak, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ya isa ya wahal da kifi. A tankin da ke da matata mai bakteriya, zai koma nitrat, kimanin miligiram 80 a kowace lita a yini guda.

Wannan lissafin ya nuna dalilin da ya sa matsala ba ta bayyana a watan farko. Ƴaƴan kifi masu giram 10 ba su cin ko rabin kilo sosai a yini. Tankin bai ƙaru ba, ruwan bai ƙaru ba, amma cin ya ninka fiye da sau goma. Sai kuma girman kifin ya zo daidai da watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Tawa, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijan kamar mai sanyi.

Dabarun masu kifin teku

Masu akwariyom suna da hanyoyi biyar da suka dogara da su.

Ta farko, rage abin da ke shiga: kifi kaɗan, abinci daidai wanda za a cinye nan take.

Ta biyu, kwashe datti kafin ya ruɓe. Suna da wata na'ura mai hura ƙananan kumfa cikin ruwa. Datti yana manne wa kumfar, ta ɗauke shi sama zuwa wani kofi, a zubar. Na'urar ta fi aiki a ruwan gishiri domin a nan kumfa ta fi ƙanƙanta da daɗewa.

Ta uku, canjin ruwa: kashi 10 zuwa 20 cikin 100 kowane mako ko mako biyu, da ruwan da aka tace tas kafin a haɗa masa gishiri.

Ta huɗu, ba bakteriya masauki. Cikin duwatsu masu ƙofofi da kuma ƙarƙashin yashi mai zurfi, inda oksijan ba ya kaiwa, akwai rukuni na uku na bakteriya da ke farfasa nitrat su mayar da shi iskar azot, ta fice. Ba ta da illa, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa azot ce. Masu sha'awar abin a birnin Berlin na Jamus ne suka shahara, tun shekarun 1970, da haɗa duwatsun teku da na'urar kumfa. Shi kuma masanin Faransa Jean Jaubert ya fito da tsarin barin fili na ruwa a ƙarƙashin yashi, wanda aka yi aiki da shi a gidan adana halittun teku na Monako, gidan da aka buɗe tun 1910.

Ta biyar, shuka. Suna ware wani ƙaramin akwati su rena ciyawar teku a ƙarƙashin fitila. Ciyawar ta sha nitrat ta girma, a yanke ta a fitar. Abin lura a nan shi ne yankan: in ba a fitar da ciyawar ba, za ta mutu ta mayar da abin da ta sha.

Yadda za a juya su a Galma

Hanyoyi huɗu daga cikin biyar ɗin ba su buƙatar wutar lantarki mai yawa ko kayan Turai.

Abinci: a ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, da sanyin safiya da na maraice. Ranar da aka ga cin ya ragu, a dakata da ba da abinci na yini guda, a canza ruwa. Kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana ɗaya, amma abincin da ya nutse yana ruɓewa cikin sa'o'i. Masu ba da kayan cikin kaji ko jinin mahauta su sani cewa waɗannan sun fi komai saurin ɓata ruwa.

Datti: tun wajen gini a sa ƙasan tanki ya gangara zuwa mafitar ruwa, yadda buɗe bututu na minti kaɗan kowace safiya zai fitar da laka mai kauri. Wannan shi ne madadin na'urar kumfa.

Matata: tano cike da tsakuwa ko gutsattsarin roba, ruwan tanki yana ratsa shi ba tsayawa da ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana, zai zama gidan bakteriya. Sai dai suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, saboda haka ba a cika sabon tanki da kifi rana ɗaya. Ba a wanke tsakuwar da sabulu ko ruwan jabel, ba a kuma barinta ta bushe a rana. A ɗauraye ta da ruwan tankin kawai.

Shuka: ƙaramin rami a gefe mai kainuwa zai sha nitrat kamar ciyawar teku, muddin ana kwashe ta a kai a kai zuwa ramin taki. A kula kada a jefa ta cikin tabki ko magudanar ban ruwa, don takan mamaye wuri.

Gishiri ma yana da rawar takawa. A ruwan teku nitrit ba shi da ƙarfi sosai, domin sinadarin da ke cikin gishiri yana tare masa hanyar shiga jinin kifi. Masu kiwon kifi a kudancin Amurka sun daɗe suna amfani da wannan sirri. Kimanin giram 165 na gishirin miya a kowace lita 1000 ya isa ya ba da kariya. Amma gishiri ba ya kashe amoniyak, ba ya rage nitrat.

A manyan tabkuna kamar na Tabalak da Ɗan Dutsi, ko ruwayen da madatsun aikin raya Keita suka tara tun daga 1984, yawan ruwa da laka da ciyayi ne ke yin duk wannan aiki kyauta. Ko a can, idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, dabbobi suka yi ta shiga suna kashi, lissafin ɗaya ne: datti yana ƙaruwa, ruwa yana raguwa.

In rijiyar ma tana da shi fa?

Canjin ruwa shi ne babban makami, amma yana da sharaɗi. Idan tanki yana da miligiram 50 na nitrat, aka zubar da kashi ɗaya cikin biyar aka mayar da ruwan da babu nitrat, zai sauko 40. Idan kuwa sabon ruwan yana da 40 tun daga rijiya, zai tsaya a 48. An ƙona mai, an sha wahala, ba a yi komai ba. Shi ya sa mai akwariyom ke gwada ruwan famfonsa kafin ya gwada na akwati.

Wannan batu ya shafi fadamar Tarka kai tsaye. Tun shekarun 1990, da aikin raya fadamar da Tarayyar Turai ta tallafa, gajerun rijiyoyin bututu da injunan ban ruwa suka yawaita, noman albasa ya bunƙasa, amfani da ure da 15-15-15 ya ƙaru. A wurare da dama ruwan ƙasa mita kaɗan ne daga sama. Nitrat kuwa ba ya manne wa ƙasa: duk wanda saiwa ba ta kama ba, ruwan ban ruwa yana tafiya da shi ƙasa. Ana ruwa ƙasa na shanyewa. Salga da turken dabbobi kusa da rijiya su ma suna ƙara nasu.

A nan maganar ta wuce kifi, ta shiga cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa iyakar nitrat a ruwan sha a kan miligiram 50 cikin lita, nitrit kuma miligiram 3. Wanda aka fi ji wa tsoro shi ne jariri ɗan ƙasa da wata shida. A cikinsa nitrat yana juyewa nitrit, ya yi wa jininsa abin da yake yi wa na kifi: leɓɓa da farata su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi wuya. Wani likita a jihar Iowa ta Amurka, Hunter Comly, shi ne ya danganta wannan ciwo da ruwan rijiya a 1945. Gudawa tana ƙara haɗarin.

Nitrat ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da shi, hasali ma tururin da ya tashi yana barin ragowar ruwan da nitrat mai kauri. Ruwan jabel da tacewa da ƙyalle su ma ba su taɓa shi. Kariyar da ta fi kowace ita ce nonon uwa zalla har wata shida. Idan dole ta sa a dama madarar gwangwani, kada a yi da ruwan rijiyar garka. Jaririn da aka ga leɓɓansa sun canza launi a garzaya da shi cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Sabuwar salga kuma a haƙa ta aƙalla mita 30 daga rijiya, ta ɓangaren gangare.

Gwajin ba shi da wahala. Akwai ƴan takardu da ake tsomawa cikin ruwa, su canza launi cikin minti ɗaya ko biyu, a gwada da jadawalin da ke jikin gwangwani. Masu sayar da kayan kiwon kifi a manyan birane suna kawo su. Gwangwani ɗaya zai ishi ƙungiyar manoma ta gwada rijiyoyin gari. Inda takarda ta nuna ya kusa 50, sai a nemi ma'aikatar ruwa ta jiha ta tabbatar da gwajin ɗakin bincike.

Dattin tanki, takin garka

Akwai wuri ɗaya da manomin Galma ya fi mai akwariyom na Berlin sa'a. Ruwan da Bature ya fitar daga akwatinsa sai magudana, domin gishirinsa zai kashe shuka. Na mai tarwaɗa kuwa taki ne da aka riga aka narkar. Giram 180 na azot da tankin misalin nan ke fitarwa a yini daidai yake da kusan giram 390 na ure, tunda ure kashi 46 cikin 100 nasa ne azot. A wata guda ya tasam ma kilo 12, kusan rubu'in buhu mai kilo 50.

Saboda haka wurin da ya fi dacewa da tanki shi ne sama da fangalen shuka: ruwa ya fito daga rijiya, ya bi ta kan kifi, sannan ya gangara ga albasa, tumatir, kabeji, masara ko zogale. Lita ɗaya ta yi aiki biyu, da kuɗin mai ɗaya. Amma da sharuɗɗa uku. A rage takin buhu gwargwadon abin da ruwan kifi ya kawo, in ba haka ba rarar za ta koma rijiya. A tsayar da shi makonni kafin cirar albasa, domin azot mai yawa a ƙarshe yana ba da albasa mai kaurin wuya wadda ba ta jimirin ajiya a rudu. Ruwan da aka zuba wa magani ko gishiri mai yawa kuma kada ya je kan irin albasa, don albasa ba ta shiri da gishiri.

Wanda ya zubar da ruwan tankinsa a rami kusa da rijiya yana mayar da dattin inda ya ɗebo ruwan, kuma wata rana shi da iyalinsa za su sha. Wanda ya kai shi ga saiwar shuka ya rage kuɗin taki, ya tsare kifinsa, ya kuma kare rijiyar unguwa. Kafin a sayo ƴaƴan kifi na gaba, abu uku ya kamata a fara tanada: ma'aunin abinci, bututun fitar da laka, da takardar gwajin ruwa.